Ɗorawar da Ta Faɗa Gonar Yari

Lahadi, hantsi. Kwana huɗu.

Gwaggo Atika ta ce in bar kallon bango, in ba hannuna aiki. Na ɗauki mazari, zaren sai tsinkewa yake yi. Shi ne na buɗe gafakar Baffana, Allah ya jiƙansa, na ciro ragowar takardun da bai kai ga rubutawa ba. Shi ya koya mini ajami ina yarinya. Hannuna ba kyau, amma ba wanda zai karanta.

Ran Alhamis bayan azahar iskar farkon damina ta zo. Nan cikin birni ta ɗauke jinkar rumbu biyu a unguwarmu, ta kwantar da darnin bayan gida. Can bayan ganuwa, wajen Ƙofar Dundaye, a ɗan kurmin da maigida da wansa sunka gada, ta kayar da itace biyar: giginya biyu, marke, wata 'yar tsamiya, da babbar ɗorawar nan ta bakin iyaka.

Maigida ya fita sassabe tun da safe. Da hadari ya haɗo sai ya fake ƙarƙashin ɗorawar.

Mutum huɗu sunka shigo da shi cikin tabarma. Kafin magariba an kai shi. Ba a buɗe mini fuskarsa ba.

Abin da zan rubuta ke nan game da ranar.

Cikina wata biyar ne. Gwaggo ta ce tawa takabar ba ta lissafin wata ba ce, sai ran da na sauka. Ni dai ina ƙirga kwanakin.

Litinin, bayan la'asar. Kwana biyar.

Yaya Jinaidu, wan maigida, ya zo. Bai shigo ba. Ya tsaya bayan asabari yana yi wa Gwaggo magana, da ƙarfi don in ji.

Ya ce, "Na je na duba itatuwan. Giginyoyin iska ce, marken iska ce. Amma ɗorawa, Gwaggo, ɗorawa mai rai ba ta faɗuwa haka nan. Kogon gindinta baƙi ƙirin yake. Na zura hannu na damƙo gawayi. Wuta anka sa mata, ta cinye cikin ta bar ɓawo tsaye."

Gwaggo ta ce, "Subhanallahi. Wa zai yi wanga aiki?"

"Wa ke da gona a gindinta? Wa ya tsaya ƙofar masallaci bara, gaban mutane, ya ce inuwar ɗorawar Sodangi ta cinye masa gero, wata rana sai ya sa mata wuta?"

Na rubuta sunan maigida don Yaya ne ya faɗa. Tun da anka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa kiransa ba.

Yari yake nufi, maƙwabcinmu na gona. Cikin gonarsa ɗorawar ta faɗa. Ta kwanta tun daga iyaka har ta wuce tsakiya, rassanta sun rufe wajen da ya fi ba shi amfani, giginya guda kuma ta gitta ta ƙasa. Yaya ya riga ya kai ƙara. Alkali ya ce kada gatari ya taɓa ko reshe guda sai an yanke hukunci.

Da ya tafi na ji numfashina ya sauko, karo na farko tun Alhamis. Yari. Na yi ta juya sunan a bakina. Na ci tuwo loma shida.

Talata, asuba.

Allah ya isa tsakanina da Yari.

Laraba, bayan azahar. Kwana bakwai.

Sadakar bakwai. Mata sun cika tsakar gida, kowace da irin nata sai haƙuri. Wata ta ce in gode Allah da ya bar mini ciki. Na gode.

Lantana matar Yari ta zo da ƙwaryar gumba. Shekara tara muna sussukar kalwa tare, ni da ita, kalwar waccan ɗorawar, mu dafa daddawa mu raba. Ta durƙusa bakin ƙofa ta ce, "Bara'atu, ya haƙuri? Allah shi jiƙansa, shi sa ya huta."

Na juya fuskata bango.

Ta ce, "Ƙawa, ni ce fa."

Na ce wa Gwaggo, "Ki tambaye ta, gumba kaɗai ta kawo? Ba ta zo mana da garwashi ba? Ai gidansu ba a rasa wuta."

Lantana ta aje ƙwaryar ta tashi, ko gwiwa ba ta kakkaɓe ba. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, bakinki!" Na sa an zuba wa awaki gumbar.

Na ɗauka zan ji sanyi. Ban ji komai ba.

Jumma'a, hantsi. Kwana tara.

Na yi wankan Jumma'a. Ba kwalli, ba turare. Gwaggo ta tsefe mini kai ta kama shi gida biyu.

Tana shara sai ta jawo wata 'yar tukunya daga ƙarƙashin gado, ta buɗe ta shinshina.

"Ashe da zuma a ɗakin nan kike shan kunu lami? A ina kunka samo ta?"

Na ce saye anka yi.

"To lasa mana, tana da kyau ga mai ciki."

Na ce raina ba ya so.

"Ke da anka ce bazarar nan ba ki da zance sai na zuma?"

Na ce ta mayar da ita inda ta gan ta. Na faɗa da tsawa. Ta mayar.

Takalmansa na fita unguwa suna nan bakin ƙofa, guda ya kife. Kullum haka yake tuɓe su, kamar wanda anka koro. Shekara goma sha ɗaya ina gyara su ina mita. Na hana kowa ya taɓa.

Lahadi, magariba. Kwana goma sha ɗaya.

Ruwan shuka ya sauka jiya, mai yawa, har kwata ta cika. Yau ba namiji a unguwa, kowa ya saɓa sungumi ya fita. Yaya ya shuka tasa gonar, ya shuka tamu.

Ya ce ya ga Yari tsaye kan iyaka da ƙwaryar iri a hannu, yana kallon rassa. Ya shuka 'yar kusurwar da itace bai rufe ba, wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba, ya koma gida da sauran irinsa.

Shi ma ya ji yadda ake ji.

Litinin, hantsi.

Shi ya ce zai sa mata wuta. Da bakinsa. Mutane sun ji. Ba ni na sa shi ya faɗa ba.

Laraba, la'asar. Kwana goma sha huɗu.

Lantana ta dawo. Wanga karon ba durƙuso, ba ƙwarya. Ta ɗage asabari ta shigo ta zauna kan turmin da ke kife.

Ta ce, "Ba gaisuwa na zo ba. Na riga na yi, anka ba awaki."

Na kau da kai gefe.

"Bara'atu, ki dube ni. Kin san Yari. Baki gare shi kamar ganga, zuciya kamar ta kaza. Mutumin da in zai ƙone sassabe sai ya kira maƙwabta uku su tsaya masa da ɗanyen ganye, shi ne zai lallaɓa shi kaɗai ya cusa wuta a kogo?"

Na ce, "Shi ya faɗa."

"Ya faɗa! Sau nawa ya ce zai sake ni? Ba ga ni ba?"

Saura kaɗan in yi dariya. Na ji haushin kaina, na ji nata ya fi.

Ta ce, "Gero ba ya jiran alkali. Baki bakwai gare mu a gida, rumbu ya kai ƙasa, da tsintsiya nake ɗibar hatsi. Ki yi wa Jinaidu magana. A bari a sare rassan kawai, a bar gindin nan alkali ya gani in shina so."

Na ce, "Ku naku gero ne. Ni nawa fa? A wace gona zan shuka shi ya fito?"

Ta ce, "Wallahi da tono na dawo da mutum, da na tono miki shi da farcena. Amma ba mu munka kashe shi ba."

Na ce, "To wa?"

Ta tsaya tana kallona, na tsaya ina kallon ƙafarta. Faso ya tsattsage mata diddige. Da can ni ke ba ta man kaɗanya.

Ta fita ba sallama.

Alhamis, bayan azahar. Kwana goma sha biyar.

Mako biyu. Daidai wanga lokaci. Yau sama tas take, ko gajimare babu.

Asabar, hantsi. Kwana goma sha bakwai.

An yi ruwa na biyu da asuba.

Yaya ya zo bayan asabari. Ya ce shaidu biyu sun tsaya gaban alkali kan maganar ƙofar masallaci. Yari bai musa ba, ya ce zancen fushi ne, ya rantse bai taɓa itacen ba. Yaya ya ce in alkali ya kama shi da laifi, gonar za a karɓa a madadin jini, ta zama ta abin da ke cikina.

"Ba don kaina nake yi ba, Gwaggo. Maraya ne zai zo duniya. Shi zo shi iske ƙasa tasa."

Ya ce Asabar mai zuwa alkali zai aiko muhutinsa, Malam Hayatu, wanda ke zuwa jin maganar matan da ba su fita.

"Tambaya guda ce, mi ta sani game da wutar. Ta ce marigayi ya sha gaya mata Yari na nufin itacen da sharri. Ko ba haka ba ne?"

Na amsa daga ciki, "Ya taɓa faɗa."

Ya taɓa faɗa. Da tuwo a bakinsa ya faɗa, yana kwaikwayon muryar Yari, yana kaɗa yatsa, har ya ƙware na miƙa masa ruwa. Wannan ban gaya wa Yaya ba.

Lahadi, asuba. Kwana goma sha takwas.

Ya motsa. Ina zaune kan buzu bayan salla ya shure ni, sau biyu, nan ƙasan cibiya. Shekara goma sha ɗaya muna jiran wanga shuri, yau ya zo ba wanda zan kamo hannunsa in ɗora.

Na ce masa, kai ma ka yi mini shiru. Kai ka nema, ba ni ba.

Astagfirullah. Astagfirullah.

Talata, la'asar. Kwana ashirin.

Gwaggo ta je ziyara Hubbare, ta ce ta yi mini addu'a. Ta dawo ta zauna tana gurzar auduga, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Na hangi Yari bakin masallaci. Ya zube kamar wanda ya tashi daga jinya. An ce in ya shiga sahu, na kusa da shi sai ya matsa ya bar fili."

Na ce, "Alhakin rai ne."

Ta ci gaba da gurza. Sai da ta tara angurya cikin tafin hannu sannan ta ce, "Jiya na ɗebi zumar nan zan sa miki a kunu. Bara'atu, na tsufa ina sayen zuma. Mai sayarwa tacewa yake yi. Wagga da toka cikinta, da guntun ɓawo, da ƙudan da sunka ƙone."

Ta aje anguryar gefe, ta ci gaba.

"Ban tambaye ki ba. Ɗiyar ƙanena ce ke, inda kika faɗi nan zan faɗi. Na dai gaya miki abin da idona ya gani."

Tsohuwa mai shisshigi. Wa ya aike ta ƙarƙashin gadona? Zaman takaba anka kawo ta ta taya ni, ba bincike ba. Gobe in ta ga dama ta koma gidanta.

Laraba, hantsi. Kwana ashirin da ɗaya.

Ba ta koma ba. Ta dama mini kunu.

To bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Da bazara, cikin yana wata uku, ba abin da ke zama mini. Tuwo in amayar, fura in amayar. Zuma kaɗai raina ke kira, kamar ana jan ni da igiya. Maigida ya kawo ta kasuwa, na ce warin gora take yi, ni mai saƙa nake so, wadda anka ciro yanzu. Ya ce akwai ƙuda a kogon ɗorawarmu, amma shi bai iya ɗiba ba, a jira mai sana'ar ya dawo daga ƙauye. Na ce ba ni jira. Kwana uku ban yi masa magana ba. A na huɗu na ce, da Lantana ce ke so, da Yari ya hau ko sama ce ya ɗebo mata.

Wannan maganar ce ta tashe shi.

Masu ɗiban zuma hayaƙi suke yi a bakin kogo, a hankali, wutar tana hannunsu. Shi ya ɗaure busasshiyar ciyawa ya kunna ya tura ta can ciki. Ƙudan sunka fito sunka rufe shi. Ya yagi abin da ya yaga ya ruga, ya bar wutar a ciki.

Ya shigo gidan nan ido guda a rufe, leɓe kamar na raƙumi, yana dariya. Ya dire ƙwarya gabana ya ce, "Ga ta, gimbiya. Ki sha ki bar ni in huta." Na sha har da toka. Ban taɓa shan abu mai daɗinta ba. Na zauna ina cire masa ƙarin ƙudan daga wuya ɗaya ɗaya, yana ihun ƙarya.

Bayan kwana biyu ya koma ya iske kogon na hayaƙi har lokacin. Ya yi ta jido ruwa daga fadama yana zubawa, ya toshe bakin da laka. Ya dawo ya ce, "Ta ɗan ci ciki. Amma ɗorawa ce, ta girmi ubana, za ta warke. Kada dai Yaya ya ji, itacen gado ne, ɗanye zai cinye ni." Na ce bakina alƙawari. Munka yi dariya. Ganyenta bai ko yanƙwane ba.

Ya san abin da ke cikinta. Shi kaɗai a duniya ya sani. Da hadari ya taso, ga marke, ga tsamiya, ga fili, sai ya tafi gindinta.

Wawa. Wawana.

Tun ran Litinin ɗin da Yaya ya ce gawayi na sani. Kafin ya rufe baki na sani.

Alhamis, azahar.

Ruwa kuma. Na uku.

Jumma'a, bayan azahar. Kwana ashirin da uku.

Gobe Malam Hayatu.

In na faɗa, za a ce kwaɗayin mace ya kashe miji. Za a yi ta yi a bakin rijiya har ɗan nan ya girma ya ji da kunnensa. Za a ce marigayi ya ƙone itacen gado ya ɓoye wa wansa. Yaya kuwa, wanda hatsinsa nake ci, a inuwarsa nake kwana, ya tsaya gaban alkali da shaidu biyu, sai a wayi gari ya zama abin nuni.

In na faɗi abin da Yaya ke so, ba ƙarya na yi ba. Ya taɓa faɗa. Yari na da hannu biyu, ya je ya yi ƙwadago. Lantana 'ya'ya biyar gare ta da miji mai rai. Ni guda ne, bai ma zo ba. Su wa ya ce su yi gona a gindin itacen mutane? Wa ya ce ya riƙa buɗe baki a ƙofar masallaci?

Kuma in ba Yari, wa zan tsana? Na duba ko'ina. Ba kowa sai ni, sai wanda ke kwance, sai wanda bai zo ba.

Asabar, bayan la'asar. Kwana ashirin da huɗu.

Ya zo da hantsi. Tsoho ne siriri mai yawan gyaran murya. Anka shimfiɗa masa buzu bakin ƙofa, asabari tsakaninmu. Yaya na tsaye gefensa, Gwaggo na zaune kusa da ni.

Ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ba a son a dame ki. Mi kika sani game da wutar da ta ci ɗorawa? Ki faɗa tsakaninki da Allah."

Na shirya maganata tun asuba. Na ce, "Maigida ya taɓa ce mini Yari ya ce zai ƙone ta."

Yaya ya ce, "Ka ji ko, Malam."

Malam Hayatu ya ce, "Na ji. Da ya gaya miki, yaya kika ga fuskarsa? Tsoro ne, ko fushi?"

Ban shirya wa wannan ba. Na buɗe baki in ce fushi, sai ga fuskar a gabana, da tuwon, da yatsan. Na iya ɗora wa Yari abin da bai yi ba. Fuskar nan ban iya canja ta ba.

Na ce, "Dariya yake yi."

"Dariya?"

"Dariya. Ya san Yari ba shi iyawa. Malam, ba Yari ba ne."

Daga nan ban san yadda sauran ta fito ba. Na faɗi zumar, na faɗi ciyawar, na faɗi lakar. Na faɗi abin da na ce masa game da Lantana, ko da ba a tambaye ni ba.

Yaya ya ce, "Malam, zafin takaba ne. Ba ta cikin hankalinta. Mace mai ciki, kwana ashirin ba barci."

Gwaggo ta sunkuya ƙarƙashin gado. Ta jawo 'yar tukunyar ta tura ta ƙarƙashin asabari. Na ji Malam ya buɗe.

Ya ce, "Akwai wanda ya ga marigayi da kumburin fuska da bazarar nan?"

Ya sake tambaya. Can na ji muryar Yaya, ƙasa ƙasa, kamar ba tasa ba.

"Ya ce mini rina ce. A jinkar rumbu."

Malam ya ce, "Allah shi jiƙansa. Zan kai wa alkali yadda na ji." Ya tashi ya naɗe buzunsa. Ya ce mini, "Allah shi sauke ki lafiya, baiwar Allah."

Yaya bai bi shi ba nan da nan. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan asabari. Tun da na zo gidan nan bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai yau.

Ya ce, "Zuma. Ƙanena guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Zuma."

Lahadi, magariba.

Ba wanda ya leƙo daga sashen Yaya. An aje akushi bakin ƙofa ba sallama.

Talata, la'asar. Kwana ashirin da bakwai.

Jiya alkali ya sallami Yari, ya ce ba jini a kan kowa, a sare itace. Gwaggo ta ce tun asuba maza shida ke can da gatura.

Lantana ta zo. Na shimfiɗa mata tabarma da hannuna. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Yari ya ce in zo in yi miki godiya. Shi har da kuka, sakarai. To na zo."

Na ce, "Lantana, ki yafe mini."

"Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun kwana biyar da rasuwa.

Ta ƙirga da yatsu. "Wato ran da na durƙusa nan, kin sani."

"Na sani."

"Ran da na ce miki da tsintsiya nake ɗibar hatsi."

"Na sani."

"Ruwa uku, Bara'atu. Geron mutane ya fara rufe ƙasa, mu yanzu muke jan reshe. Sai dai maiwa da wake, in Allah ya ja damina. In bai ja ba, 'ya'yana za su ci tafasa har baɗi."

Na ce in na sauka zan yi mata duk aikin da ta ce, ko sussuka, ko daka.

Ta ce, "Riƙe aikinki." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Ran da naƙuda ta kama ki, ki aiko. Na ga gidan nan ba mai riƙe ki sai wagga tsohuwa. Zan zo, zan dafa ruwan wanka. Amma kada ki sake ce mini ƙawa."

Alhamis, magariba. Kwana ashirin da tara.

Da hantsi na ji kukan jakai a ƙofar sashenmu. Kaya uku anka sauke, anka jibge bakin ɗakina har sai an raɓa ake wucewa. Tun kafin in leƙa warin ya gaya mini. Ɗorawa ce. Wasu gumagumai gefensu baƙi.

Yaya ya kira Gwaggo. Ya ce, "Rabon ƙanena ne daga itacen, ban rage ko tsinke ba. Ga damin gero biyu. Daga yau akushi ya daina zuwa, ta yi girkinta. Kuma ba wani itace da zai shigo wanga sashe. Ita ta nema, ta dafa da shi."

Gwaggo ta shigo. Ta ce wanga ba aikin Musulmi ba ne. Ta ɗauki mayafi za ta shiga maƙwabta roƙon kara. Na ce da damina wa ke da karan bayarwa, kuma in an ba mu yau, gobe fa? Ta zauna.

Munka zauna har azahar, har la'asar. Rabona da abinci tun jiya da rana. Ina kallon itacen, ina neman wane gungume ne a ciki, wane reshe ne. Ba a ganewa. Duk itace ne.

Da rana ta yi sanyi na tashi na ɗauki ƙaramin gatari. Gwaggo ta ce in bari ta yi, na ce a'a. Na faskara guda. Cikinsa da sauran danshi. Sai da na hura sau uku sannan ya kama. Na daka, na tankaɗe, na tuƙa tuwo, na kaɗa kuka.

Gwaggo ta ce ita ba ta iya kai shi baki. Ni na ci. Na cinye nawa, na kankare tukunya.

Na duba jibgin da ya rage. In an yi tattali zai kai mu kaka.